Maganin da Akuya Ta Sha

Malam Lawwali ya shanye kunun, ya miƙa wa Zulai ƙoƙon da hannu biyu kamar baƙon da aka karrama.

"Na gode. Ke ɗiyar wa ce a garin nan?"

Zulai ta yi dariya, duk da zuciyarta ta sosu. Shekara arba'in da ɗaya tana dama masa wannan kunu a Bilbis.

"Ɗiyar waɗanda ka yi ta sintiri ƙofar gidansu har takalminka ya tsinke, Malam."

Ya jinjina kai, wai lallai mutumin ya yi ƙoƙari.

Tun da hawan jini ya kayar da shi a gona, likita a Gusau ya ce jini ne ya ragu a ƙwaƙwalwarsa. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce ba za su dawo da abin da ya tafi ba, sai dai su tsare wanda ya rage. Zulai kuwa abu ɗaya take so a duniya: tsohon nan ya dube ta ya gane ta.

* * *

Ranar kasuwar Tsafe ta ji lasifika tana ihu daga bayan wata mota. Mai maganin ya ɗaga kwalba sama.

"Maganin mantuwa! Turawa sun gwada shi ga dabbobi, ɓeran da ya mance raminai ya koma gida da gudu!" Da ta matso ya sassauta murya. "Inna, sharaɗi guda: ba a gama shi da na asibiti."

Zulai ta sayi kwalba guda, amma ita ba wawiya ba ce, haka ta gaya wa kanta. Ɓeran Turawa ba ta san halinsa ba, amma ta san akuyarta. Kwana uku tana ɗura wa baƙar akuyar cokali guda safe da yamma, tana zuba mata ido. Akuya ta ci dusa, ta yi tuƙa, ta haura katangar maƙwabta ta kuma dawo gida da kanta.

"To, kin gani," in ji ta ga 'yarta Aishatu. "Ko hanya ba ta ɓace mata ba."

"Inna, ita da ma mi ta mance?"

"Ke dai kawo cokali."

Ta ƙulle ƙwayoyin likita a leda, ta jefa cikin kwalla. Kullum in ta ba Malam na kwalbar sai ta zauna gabansa, ta gyara ɗankwali kamar amarya, tana jira.

Mako na uku, da hantsi, yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama.

* * *

A asibiti malamar jinya ta juya kwalbar, ba suna, ba lamba. Ta tambayi Zulai yaushe rabonsa da ƙwayoyinsa. Zulai ta faɗa, ba ta rage ko kwana ɗaya ba. Matar ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi.

Zulai ta zauna bakin gadon, kuka ya ƙwace mata. Malam Lawwali ya daɗe yana kallonta da tausayi. Sai ya lallaɓo hannun hagu, wanda ya rage masa, ya dafa gefen mayafinta. Bakinsa a karkace, maganar tana fita da ƙyar.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Mijinki zai tashi."