Gayyatar Suna Zuwa Hawaii

Tun da Hajiya Turai ta sauka unguwar Woolwich a Landan don haihuwar surukarta Noelani, 'yar tsibirin Hawaii, take tsokanar yaren surukar. Wai yaren da masu jinsa ba su cika kasuwar Kurmi ba! Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya daban ne: jikarta Hanifa, 'yar shekara bakwai, ko “sannu” ba ta taɓa mayar mata ba. Ɗanta Zailani ya ce ai haka yaran Landan suke, suna ji, amsawa ce ba sa yi. Ta yarda.

Ana jibi suna Hajiya ta kafe a kira dangin mai jego a Hawaii a gayyace su da bakinsu. Ko ba za su zo ba, girmamawa ce. Noelani na barci, sai Zailani ya ce, “Hajiya, ki faɗa kawai, Hanifa za ta yi translating.”

Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. Aka kira, wata tsohuwa mai furfura ta bayyana a waya.

“Ce mata mun samu ƙaruwa, muna gayyatarsu suna.”

Hanifa ta dubi ubanta. Ya maimaita mata da Turanci. Sai yarinya ta buɗe baki, yare ya yi ta zuba ba gargada. “Tūtū, e hele mai!” Wato, Kaka, ki zo. Tsohuwa ta amsa, suka shiga hira, suna ƙyalƙyata dariya kamar tare suka kwana.

Hajiya ta yi salati, carbinta ya zame ƙasa. “Kai, a ina ta koya?”

“Mamanta ce. Ko ruwa ba ta ba ta sai ta tambaya da yarensu. Ta ce an taɓa kusan rasa shi.”

“Kai kuma fa?”

Zailani ya sosa ƙeya. “Hausa ai ba za ta ɓata ba, Hajiya.”

Kishi da kunya suka rufe Hajiya. Da aka ajiye waya ta miƙa wa Hanifa hannu. “Zo nan, ƙawata. Zo ki zauna kusa da ni.”

Hanifa ta yi mata murmushi mai daɗi, sannan ta juya.

“Daddy, what's Granny saying?”