Tagar Aisi

Sunan Mai Rediyo ya manne masa, duk da rabon da wani ya kawo masa gyaran rediyo har ya manta. A wurin yayarsa kuwa Auta ne, da furfurarsa da tabaronsa.

Yaya tana da tsohon injin surfani mai kai huɗu, wanda mijinta ya mutu ya bar mata. Da shi take yi wa makarantu tambari a aljihun riga, da shi take riƙe da gida mai mutum bakwai. Sai injin ya fara mantuwa. Yana cikin ɗinki ya tsaya cak, ko ya zana fure a inda ake son harafi. Mai Rediyo ya buɗe bayansa ya gano ciwon: aisi ɗaya, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, baƙi mai ƙafa ashirin da takwas, wanda duk hankalin injin a cikinsa yake. Ya tsufa. Kamfanin da ya ƙera injin ya rufe tun ba yau ba, babu inda za a sami wani. Dabara ɗaya ta rage, a kwafe abin da ke cikinsa a zuba a sabon aisi da ba a rubuta komai a ciki ba, tun bai ƙarasa mutuwa ba.

"Kwana nawa, Auta?" in ji Yaya.

"Biyu. In ya yi yawa uku."

"Kai da ka ce fankata awa ɗaya, ta yi wata?"

Irin wannan aisi yana da 'yar tagar gilashi a bayansa, da takarda manne a kai. Takardar ba ado ba ce. Hasken rana in ya daɗe yana shiga tagar, goge abin da ke ciki yake yi, kuma duk mai wannan sana'a ya san haka. Amma takardar ta rufe lambar aisin, ba kuma a kwafa sai da lamba. Ya sa farce ya ɗaga, ta marmashe a hannunsa. Ya ce bari ya liƙa baƙin salatif, ya duba aljihun tebur babu. Sai ya ɗora aisin a kan soso, ya ajiye a dakalin taga don kada ya ɓace cikin tarkacen tebur, da nufin in an jima ya sayo salatif ɗin.

Daga nan ya jawo tsohuwar na'urarsa ta kwafa daga ƙarƙashin benci, ya kaɗe mata yanar gizo. Lafiyarta ƙalau. Matsalar ita ce igiyarta mai faffaɗan kai ce, irin ta tsofaffin firinta, laftof ɗinsa kuwa ko ramin da za a soka ta ba shi da shi. Tsohuwar kwamfutar da suka saba aiki tare ya kunna ta, ta yi ƙara sau biyu, ta buso hayaƙi.

Ya sayo adafta, laftof ya ce bai san zance ba. Ya sayo wata, ita ma haka. A intanet ya tarar da wata manhaja ta kyauta da wasu bayin Allah suka rubuta suka bar ta a buɗe, kowa ya duba ya gyara. Ta san na'urori fiye da ɗari, ban da tasa. Ya rubuta tambaya a zaurensu, kwana biyar shiru. Ran na shida wani dattijo, ko a wace ƙasa yake oho, ya aiko masa da zanen 'yar gadar lantarki da zai haɗa da kansa tsakanin na'urar da laftof ɗin, da layuka arba'in da zai ƙara a manhajar.

Gaskiya ya ji daɗin aikin, kuma wannan ne abin da ya fi ci masa rai daga baya. Ya manta da abinci, ya ƙona yatsa da dalma, yana ta musayar saƙo da dattijon kamar sun tashi tare. Kwana biyun nan suka zama mako uku. Yaya ta zo sau huɗu.

"Auta, makaranta ɗaya ta kai aikinta wani wuri."

"Yaya, saura ƙiris."

"Ƙiris ɗinka ya fi na kowa tsawo."

Wata ranar Laraba da hantsi, koriyar fitilar na'urar ta kama. Ya gwada wani aisi na tsohuwar talabijin, lambobi suka zubo a allo reras. Ya yi kabbara shi kaɗai a shago, ya kira Yaya ya ce ta taho. Sannan ya miƙa hannu dakalin taga ya ɗauko nata. Da ɗumi ya ji shi, don rana na kansa, kamar yadda take kansa kowace safiya tun ranar da ya ajiye shi.

Ya dasa shi, ya danna. FF, FF, FF, tun daga layin farko har na ƙarshe. Abin da aisi ke nunawa ke nan in babu komai a cikinsa. Ya cire, ya goge ƙafafun, ya mayar. Ya sake har sau shida, alhali tun a karon farko ya gane. Ya ja kujera ya zauna.

Yaya ta shigo da jakar zare, sababbi, ja da shuɗi, ko ledarsu ba ta cire ba.

"To, gwani, an samu?"

Ya gaya mata duka, bai rage komai ba, har da salatif. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai ta karɓi aisin, ta kai shi kusa da ido, ta sa gefen mayafinta tana goge 'yar tagar a hankali.

"Duba kuma, Auta," in ji ta. "Wataƙila datti ne."

Ya karɓa, ya dasa, ya danna mata.