Gwiwar Auta

A unguwa ana cewa ɗan majalisar nan ba ya tashi wa kowa. Wasu su ce taurin kai ne, wasu su ce gwiwarsa ce ta hagu da ta daɗe da lalacewa. Yayarsa, tsohuwar nas, ta san duka biyun gaskiya ne, don ita ke shafa masa magani duk ƙarshen mako. Ita ta goye shi, har yau kuma Auta take kiransa.

A majalisa idan za a taɓa tsarin mulki, ba a ɗaga hannu. Wanda ya amince ya miƙe tsaye kowa ya gan shi, wanda bai amince ba ya yi zamansa. Shi ya sa da shugaban ƙasa ya nemi a cire sashen da ya hana shi wuce wa'adi biyu, hankalin yayar a kwance yake. Mijinta lauya ne, a kan neman a saka sashen nan ya rasu a gidan yari, zamanin wani shugaban da ya ƙi sauka. Auta ne ya karɓo gawar.

"Ni ƙuri'ata ba wuya, Yaya," ya ce mata yana dariya. "Zama ne, kuma kin san na ƙware."

Ranar ƙuri'a tana guga a gaban talabijin. Ta ga Auta ya dafa tebur, ya lalubo sandarsa. A hankali ya miƙe yadda ta koya masa, ƙafar dama tukuna, sannan ta hagu. Sai da ta ji ƙauri ta tuna da dutsen guga.

Da ƙarshen mako ya zo kamar kullum, ya zauna, ya naɗe ƙafar wandonsa.

"Zamani ya canja, Yaya. Wancan azzalumi ne, wannan kuwa aiki yake yi. Tsarin mulki ai mutane suka rubuta, kuma an sha gyara shi."

"An sha," ta ce. "Bara da aka ba shi ikon naɗa alƙalai shi kaɗai, ka yi zamanka. Gida-gida na bi ina faɗa wa maƙwabta ƙanena ne."

Ta ɗauko kwalbar maganin, ta ɗora masa a cinya ba ta buɗe ba.

"Tafi da shi. Na ga ƙafar ta warke."

Ya jima yana jujjuya kwalbar. Hoton lauyan yana saman talabijin, bai yarda ya kalli wajen ba. Ya yunƙura zai tashi, gwiwar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa. Tana tsaye dab da shi, ba ta miƙa hannu ba.

Ya koma ya zauna, ya sunkuyar da kai.

"Yaya," ya ce, "na san abin da na yi. Ki yafe mini."