Gurbin Barau a Layin Gayya

Ƙanena Barau ya tafi birni leburanci lokacin da kuɗin man fetur ya sa kowa gini. Can ya faɗa hannun wata jama'a masu ɗamara da wuƙa, masu kiran duk wanda ba nasu ba kafiri, har uwar da ta haife su. Da suka gwabza da soja aka watsa su, ya dawo garinmu Tafoki da damina, a rame, ba ya iya haɗa ido da kowa.

Mai gari Alhaji Mani ya yanke hukunci: kada a gaishe shi, kada a kira shi gayya. To, madalla da wannan dabara! Sati bai cika ba sai ga Almu, abokinsa na cikin jama'ar, da ƙunshin tsire. Ya zauna a tabarmar Barau, yana ta ɗan'uwa, ɗan'uwa. Ina ji daga madafa.

"Ba mun gaya maka ba? Ba mai karɓar ka sai mu. Jibi motarmu za ta tashi daga Yankara."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na ga Barau yana gyaɗa kai.

Jibin ya zo daidai da gayya a gonar mai gari. Na finciko Barau, na danƙa mishi hauya, na tura shi tsakiyar layi. Mai ganga ya tsaya cak.

"Hajaratu, kin san abin da na ce," in ji Alhaji.

"Na sani, ranka ya daɗe. Su can da tsire suke kiran shi, ku kuna korar shi. Wa kuke yi wa aiki? Wallahi ba ya fita daga gonar nan sai dai a ɗauke ni tare da shi!"

Can Baba Gide, tsohon da ya fi kowa faɗa, ya tofar da goro ya ɗan matsa ya ba Barau wuri.

"Kai, Barau, haka ake riƙe hauya a birni? Sunkuya!"

Ganga ta tashi.

Da hantsi Almu ya zo ɗaukar shi. Ya daɗe a bakin gona yana kallo, bai kira shi ba. Sai ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ni fa? In na koma garinmu, za su bar ni in shiga layi?"