Gurbin Kurfi

Ni dai tun da Mardiya ta rubuta jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, abinci ya daina yi mini daɗi. Yarinyar nan ba ta da zance sai na likitanci. Ko kaza aka yanka mana, sai ta tsuguna tana tona kayan cikin tana gaya mini sunayensu da Turanci, har sai na kore ta da muciya.

Sakamako ya fito, ta ci, aka kira ta intabiyu. Ban gama murna ba sai ga Malam Ja'afar, malaminsu na lissafi, har gida.

"Hajiya Rahmatu, kowace ƙaramar hukuma da guraben da aka ware mata," in ji shi. "Nan Dutsin-Ma yara sun yi yawa, makin Mardiya bai kai ba. A Kurfi kuwa ta wuce da rata, kuma asalin uba ake bi." Ya sunkuyar da kai. "Sai dai uban ya zo ya faɗa da bakinsa."

Wayyo ni! Abin da nake gudu ke nan. Allah bai ba ni haihuwa ba. Ƙanena Mamuda, manomi a Tamawa ta ƙasar Kurfi, shi ya ɗauko 'yarsa ta fari ranar da aka yaye ta ya aza mini a cinya. Tun daga nan ba wanda ya ƙara tada maganar. Sunan mijina take amsawa a makaranta, Mardiya Usaini. Ni ce Inna, Mamuda kuwa Kawu take ce masa. Ko ta taɓa tsintar wani abu a bakin 'yan unguwa ban sani ba, tsoro bai bar ni na tambaya ba.

Na kira Mamuda a waya na yi masa bayani. "To, Yaya," kawai ya ce. Mardiya kuma na ce mata Kawu zai raka mu.

Ranar intabiyu muka shiga ofis mu uku. Wata malama mai gilashi ta yi wa Mardiya tambayoyin lissafi, ta amsa tsaf. Sannan ta juyo.

"Malam Mamuda, an ce mana yarinyar nan 'yar Kurfi ce. 'Yarka ce?"

Mamuda ya kafa wa takalminsa ido. Mutumin da ko sunanta bai taɓa kamawa ba saboda kunyar 'yar fari!

"'Yar Yaya ce," in ji shi.

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ko gezau.

"Malam, kai ka haife ta ko ba kai ba?"

"Malama, ni dai na sani ta Yaya ce. Ba ni da baki a kanta."

Kai, Mamuda! Da a gida ne da sai na ja masa kunne kamar lokacin da yake yawo ba wando. Ga haushi ya cika ni, ga tausayinsa, don na san alherin da ya yi mini ne ba ya son ya ɓata.

Malamar ta rufe bironta. "To, in haka ne 'yar Dutsin-Ma ce. Sai haƙuri."

Na dubi Mardiya. Ta damƙe gefen hijabinta. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Malama, tsaya. Ba ni na haife ta ba. Goyo na yi, raino na yi. Ga ubanta nan zaune, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ki je Tamawa ki tambayi kowa."

Malamar ta dubi Mamuda, da ƙyar ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa.

Aka ce mu jira a baranda. Mardiya ta zauna tsakaninmu, ba ta dube ni ba, ba ta dube shi ba, amma hannunta na cikin nawa. Can masinja ya leƙo.

"Mardiya Mamuda Tamawa!"

Ya sake kira. Yarinyar nan tana ta waige-waige tana neman mai sunan, sai da na zungure ta da gwiwar hannu.

"Amsa mana, don Allah. Ke ake kira."