Murfin da Ya Rage

Tukunyar Kaka ta fara yoyo, aka ce ni zan kai ta liƙi. Tun da na gama sakandare, duk wani aike a gidan nawa ne.

"Maigida, ka riƙe ta da kyau," in ji Kaka. Haka take kirana don tsokana. "Ta uwata ce. Ta girmi ubanka."

Murfin na bar shi a gida. Lafiyarsa ƙalau, in ban da lotsawar da ya yi a gefe ɗaya.

A rumfar mai zubin tukwane tari biyu ake yi: na dama na liƙi, na hagu na narkarwa. Kowa a layin ya san haka, ban da ni. Ban same shi ba, na ajiye ta a hagu, na bar sallahu wajen maƙwabcinsa mai facin taya, na tafi.

Da na koma washegari, ya nuna mini sababbin tukwane jere a ƙasa, suna sheƙi.

"Ina tawa?"

"Ga ta nan."

"Wacce?"

"Duka." Ya share gumi. "Ta shiga wuta tare da tsofaffin butoci da gwangwanaye. Ɗauki wadda ka ga dama, tana ciki."

"Malam, tukunya ɗaya na kawo."

"Ƙarfenta bai je ko'ina ba, samari. Ko ɗigo ban zubar ba."

Mai faci ya leƙo. "To kai in aka niƙa ka aka zuba a buhu, kai ne?"

"Rufa mana baki. Tayar da ka yi wa faci har babu sauran taya a jikinta, ba ka miƙa wa mai ita ka ce tasa ce ba?"

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na zauna a benci ina kallon tukwanen. In ƙarfe ne tukunya, ta Kaka za ta watsu gidajen mutane. In siffa ce, ta mutu a wuta. Ko wanne ne, ban ga da bakin da zan gaya mata ba.

Mai zubi ya dube ni. "Murfin fa?"

"Yana gida."

"Je ka kawo."

Na saci jiki na ɗauko. Ya danna shi cikin yashi mai damshi da yake zubi da shi, ya gyara bakin ramin ya bi lotsawar. Ya mayar da ɗaya daga cikin sababbin wuta, ya zuba. Ta fito da karkataccen baki.

A gida ban ɓoye komai ba. Na faɗa a tsaye, kusa da ƙofa.

Kaka ta miƙo hannu ta karɓa. Ta juya tukunyar, ta ƙwanƙwasa gindinta, ta leƙa ciki. Ta kifa murfin, ya zauna daram. Ta zuba ruwa ta ɗora a wuta, ni da yayata muka tsaya kamar masu jiran hukunci.

Da ruwan ya tafasa, murfin ya fara kaɗawa: kar, karkar, kar. Ƙarar da ke tashinmu kowace safiya tun muna yara.

"Ji ta," in ji Kaka. "Bakinta bai mutu ba."

Yayata ta kasa haƙuri. "Kaka, ba fa ita ba ce."

"Ke da na yi wa wanka a cikin baho, akwai sauran wannan fatar a jikinki? Haƙoran ma duk kin sake. Amma surutun yana nan, shi ya sa muke gane ki."

Na saki numfashi, na juya zan fita.

"Maigida, dawo. Ka ce sauran tukwanen ma tana ciki?"

"Haka ya ce."

"To ka gano mini gidajen da suka saya. In ina da rabo a tukunyarsu, ai ina da rabo a miyarsu."