Kujera ta Uku

Ragon da Tsietsi Ramakatsa ya saya don walimar cin zaɓe yana nan ɗaure a jikin shinge, yana cin kabejin matar gidan hankali kwance. Duk gidan shi kaɗai sakamakon ya yi wa daɗi. Tsietsi ya faɗi takarar kansila a mazaɓarsa, faɗuwa mai ciwo kuwa, don tazarar ba ta fi mutanen da motar haya ɗaya za ta kwasa ba.

Yana zaune a tsakar gida cikin kujerun robar da aka aro daga coci, sai Sekhonyana mai walda ya leƙo ta kan shinge. Sekhonyana irin maƙwabcin nan ne da ba ya zuwa jaje hannu rabbana, sai ya riƙo maka abin da zai hana ka cin abinci.

"Ntate," in ji shi, yadda ake kiran magidanci don girmamawa a garin, "ashe haka Allah ya yi? Sai haƙuri. Amma dai ba ku tashi a tutar babu ba, tunda 'yar'uwarmu Ausi Puseletso ta shige majalisa."

"Ta shige, mun gode Allah."

"Gode dai! Ai da ka ci, da ba ta shiga ba." Ya gyara tsayuwa. "Ka fi ni boko, amma bari in tuna maka. Takarda biyu kowa ya jefa, ta mutum da ta jam'iyya. Aka tara, aka ce rabon jam'iyyarku ta 'yan Famfo a majalisar birni kujera uku ne cif. Kun ci mazaɓa biyu, saura ɗaya, sai a ciko daga jerin jam'iyya. Wa ke kan gaba a jerin? Ita. Da ka ci taka, uku sun cika, ko benci ba za ta samu ba. Ni abin da ya ɗaure min kai, wa ke damƙa kamfen ɗinsa a hannun wadda sai ya faɗi za ta ci?"

"Koma kan waldarka, Sekhonyana."

"Na koma. Ni dai ban ce komai ba."

Tsietsi ya san wannan lissafin tun ba yau ba. Shi da Puseletso har dariya sun taɓa yi a kansa. Tare suka tashi a layi ɗaya, tare suka ja zugar mata da bokitai zuwa ofishin birni shekarar da famfunan unguwa suka ƙafe, daga nan aka haifi jam'iyyar mai alamar famfo. Amma sanin abu daban, jin sa daga bakin wani ranar da ka faɗi daban. Maganar ta shige shi kamar ƙaya, ya fara juya duk abin da ya wuce.

Fastocin nan, me ya sa famfon ya yi ƙato, fuskarsa kuma ƙarama a lungu? A jana'izar tsohuwar nan ta gidan Mofokeng, da aka ba Puseletso dama ta yi magana, cewa ta yi "ku tuna da famfo", ba ta ambaci sunansa ba. Matan coci masu addu'ar Alhamis da ta yi alkawarin kawowa, rabinsu kawai ya gani a layin zaɓe. Motar da za ta ɗauko tsofaffi daga gangaren maƙabarta kuwa sai da rana ta yi zafi ta iso, wasu har sun gaji sun koma ɗaki. Mota ɗaya! Abin ya yi masa ciwo, don shi ƙaunarta yake kamar 'yar'uwa, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne yadda komai ya zauna daram.

Matarsa Mmalerato ta fito da tuwon masara da miyar tumatir, ta dube shi sau ɗaya ta gane.

"Na ga Sekhonyana a shinge. Ntate, duk abin da ya zuba maka a kunne, ka zubar kafin ya yi tsami."

"Ke ba ki san siyasa ba."

"Na san Puseletso. Ƙafarta har kumbura ta yi a yawon nema maka ƙuri'a."

"A yawon nema wa wa?" in ji shi.

Ta ajiye kwanon da ƙarfi.

Da hantsi sai ga Puseletso ta turo ƙofa, bargo a kafaɗa, da bokitin fanken da ake kira magwinya, masu zafi har man suya ya jiƙa takardar da aka rufe su. Muryarta ta dishe saboda waƙoƙin kamfen.

"Abuti Tsietsi, ɗan'uwana, yaya ƙarfin hali? Kai, ragon nan ya fi mu sa'a! Tashi ka sa riga, akwai inda za mu."

Murmushin nan nata da ya sani tun suna yara, yau sai ya ga kamar na wadda ta ci kasuwa ne.

"Zauna tukuna, Kansila."

Ta zauna, murmushin ya ragu.

"Motar tsofaffi, wa ya ce ta makara?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"A jana'iza bakinki ciwo yake da ba ki faɗi sunana ba? Fastoci fa? Ausi, 'yar'uwata, ki dube ni ki gaya min. Ke kanki, a takardar mazaɓa, wa kika zaɓa?"

Mmalerato ta dafe kai a bakin ƙofar kicin. Puseletso ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa kallon ma ya ɗauke shi a matsayin shaida.

"Ba zan amsa ko ɗaya ba," in ji ta a hankali. "Daga wurin dattawan jam'iyya nake. Na ce musu zan sauka, su sa sunanka a gurbina, tunda doka ta yarda idan kujera ta zama babu kowa. Na ce kai mutanen unguwa suka sani, ni aikin baya na iya. Suna can suna jiran mu." Ta miƙe, ta gyara bargonta. "Amma idan na ba ka yanzu, cewa za ka yi kunyar abin da na aikata ce ta kama ni. Na fasa. Sai an jima, Ntate Ramakatsa."

Ta fita, ta bar bokitin.

Wani zai zaci nan take ya bi ta da gudu. Ina! Zargi in ya samu wurin zama ba ya tashi da wuri. Tsietsi cewa ya yi a ransa ai wannan magana ce mai arha, kowa zai iya cewa ya yi niyyar kyauta bayan ya fasa. Ya zaro waya ya kira shugaban jam'iyya don ya kama ta da ƙarya.

Bai ko gama gaisuwa ba tsohon ya tare shi.

"Tsietsi, ina kuke ne? Tun safe muke fama da matar nan ta riƙe kujerarta, ta kafe sai kai. Har kuka ta yi mana wai motar da ta lalace a hanya ita ta ja maka. Ku yi sauri, shayi ya huce."

Tsietsi ya kashe wayar. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, har ya kasa ɗaga ido.

Da ya ɗago, Mmalerato tana kwance igiyar ragon.

"Ina za ki kai shi?"

"Don walimar kansila aka saya," in ji ta. "Kansila kuwa tana can gidanta."

Ta ja shi suka fita. Ta kan shinge, Sekhonyana ya leƙo yana tambaya ko magwinyan nan akwai mai ci.